Ruwa na kwanciya a tsakar gida: ciyawar roba, intalok ko daɓen siminti?

Kafin ka tambayi farashin komai, ka fara sanin yawan ruwan da kake fama da shi. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufin kwano mai murabba'in mita 100, idan aka yi ruwan milimita 40 irin na watan Agusta, zai zubo da lita 4,000 cikin tsakar gida, ban da wanda ya sauka a filin kai tsaye. Babu shimfiɗar da za ta shanye wannan. Don haka kuɗin farko na indararo ne da bututun da zai kwashe ruwan rufi zuwa tanki ko kwata.

Sai ka gwada ƙasar. Haƙa rami mai faɗi da zurfin santimita 30, ka cika shi da ruwa, ka bari ya tsotse, ka sake cikawa. Idan ya shanye cikin sa'o'i kaɗan, ƙasar mai yashi ce. Idan ya kwana yana nan, laka ce, dole ruwa ya sami hanyar fita daga gidan. A sa magini ya auna filin da tiyon lebur: gangarar da ake so ita ce santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, daga jikin ɗakuna zuwa wuriya. Sau da yawa za a tarar an ɗaga titi ko maƙwabci ya yi ciko, wuriyar gidan ta koma ƙasa da kwatar waje. Idan haka ne, sai ciko ko ramin tsotse ruwa.

Daɓen siminti shi ne mafi arha wajen kulawa, kuma ya fi dacewa da gidan da ake wanke-wanke, girki da kiwo. Amma ko ɗigo ba ya sha. In gangara ta kuskure, ruwa zai taru a lungu, gansakuka ta fito, yara su riƙa zamewa. Ana so kaurinsa ya kai santimita 8 zuwa 10, a kuma yanka shi kowace mita 3 don kada ya tsage inda ya ga dama.

Intalok ya fi tsada, sai dai in wani wuri ya lotsa ana iya ɗaga shi a gyara a mayar. Yana shan ruwa kaɗan ta tsakanin duwatsun, amma ƙurar hunturu kan cike wannan tsagin, don haka shi ma gangara ce ke aiki. Ga wurin ajiye mota, shi ne zaɓi.

Ciyawar roba ce aka fi ruɗar mutane a kanta. Mai sayarwa zai juya maka bayanta ya nuna maka ramuka, ya ce ruwa wucewa yake. Gaskiya ne, yana wucewa, amma zuwa ina? In an shimfiɗa ta a kan laka, ruwan zai tsaya a ƙarƙashi, ka taka ka ji tana cakal-cakal, bayan mako biyu wari ya tashi. Abin da ke aikin shi ne abin da aka binne: a kwashe ƙasa santimita 10 zuwa 15, a daidaita gangara, a shimfiɗa yadin nan mai tace ruwa da ke hana laka haurowa, a zuba tsakuwar dutse santimita 8 zuwa 10, a daddaɓe da inji, sannan garin dutse santimita 2 a sama. Fili mai murabba'in mita 40 zai ci tsakuwa kusan mita kubik 4. Kada a yarda da leda a madadin yadin, domin leda riƙe ruwa take. Yashi mai laushi kuma ruwa kan kwashe shi, tururuwa ta yi gida a ciki.

A ƙasa mai laka, a ƙara da rami mai faɗin santimita 30 da zurfin 45 a gefen da ya fi gangara, a kwantar da bututun PVC mai inci 4 da aka huda, a rufe da tsakuwa, a kai bakinsa kwata. In ramin tsotse ruwa za a yi, ya nisanci harsashin gini da aƙalla mita 5, kuma kada ya kusanci rijiya ko shadda.

Wajen zaɓen ciyawar kanta, mai tsawon gashi milimita 30 zuwa 35 ta isa tsakar gida. Lanƙwasa samfurin: in ka ga baƙin bayan a fili, gashin bai da yawa. Ja gashin da yatsa. Mai arha tana tsigewa. Ka tambayi ko an yi ta da kariyar hasken rana, domin marar kariya tana koɗewa ta dagargaje da wuri. Galibi tana zuwa a naɗe da faɗin mita 2 ko 4, saboda haka auna filin yadda haɗi zai yi kaɗan, kuma gashin kowane ƙyalle ya kalli gefe ɗaya. Aibinta babba zafi ne: da rana tsaka a watan Afrilu tana iya wuce digiri 60, ba a taka ta ba takalmi. Garwashi ɗaya daga murhu ya isa ya narkar da ita, fitsarin awaki da jinin ragon layya kuma suna maƙalewa a gindin gashin.

Saura dakalin gefe, ko na bulo mai inci 6 ko na kab, wato irin tubalin simintin da ake jerawa a bakin titi. Amfaninsa riƙe tsakuwa da bakin ciyawa, da hana ƙasar lambu gangarowa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a zagaye filin ruf, ya zama kwarmi. A bar ƙofar ruwa a ƙasan kowace mita ɗaya ko ɗaya da rabi, a sa raga don shara. In za a cika shi da ƙasa a shuka fulawa, kada ya jingina da bangon ɗaki, in ba haka ba danshi zai hau, fenti ya ɓare, gishiri ya ci filasta. Saman shimfiɗar ma ya zauna aƙalla santimita 15 ƙasa da daɓen ɗaki.

A gidan iyali mai hidima, abin da ya fi dacewa shi ne a haɗa: siminti a wurin wanki da murhu, intalok a hanyar mota, ciyawar roba a ɗan fili mai inuwa inda yara ke wasa. Kafin a biya ma'aikaci cikon kuɗinsa, a saki tiyo a kan tsakuwar tun ba a shimfiɗa ciyawa ba, a ga inda ruwan ya bi.