Zinarin ya yi mini rana, dillalin ya shayar da ni wahala

Tun ranar da aka sace wa uwargida sarƙa da awarwaro a gidan biki a Mabera na daina ajiye gwal a gida. Ɗan ƙanena da ke aiki a Legas ya nuna mini NewGold, asusun zinarin da ake cinikinsa a kasuwar hannun jari ta NGX tun 2011. Hannu ɗaya kusan kashi ɗaya cikin ɗari ne na oza, bai kai sulusin giram ba, kuma akwai zinari na gaske a ajiye a madadinsa. Farkon 2023 na zuba ribar albasa ta hannun wani kamfanin dillanci, da niyyar kayan ɗakin ɗiyata.

Shi kansa zinarin ba ni da abin cewa sai hamdala. A watan Yunin shekarar aka saki naira ta faɗi warwas, abin da na ajiye kuwa sai hawa yake. Maƙwabcina da ya bar nasa a banki har yau yana cizon yatsa.

Da aka sa ranar aure na ce wa dillalin a sayar da wani kaso. Aka sayar, saƙo ya shigo, kuɗi shiru. Mako guda, mako biyu. Wai sunana a BVN Muhammadu ne, a takardunsu Mohammed. To lokacin da kuke karɓar kuɗina ba ku ga bambancin ba? Ba su da ofis a Sakkwato, sai waya, kullum yarinya guda ce ke ɗauka: "Alhaji, ka ƙara haƙuri, muna kai." Na je kotu na yi takardar rantsuwa, na aika, suka ce hoton bai fito ba. Kafinta ya tsai da aikin gado, uwar yarinya ta daina yi mini magana sai da ido. Wallahi na fara zaton irin na MMM ne ya faɗa mini.

Ɗan ƙanen nan nawa ne ya kwantar mini da hankali. Ashe hannun jarin ba a aljihun dillali yake zama ba, yana rubuce a CSCS, ma'ajiyar bayanan hannun jari ta kasuwar, da sunana da lambata. Kuma SEC, hukumar da ke sa ido kan kasuwar hannun jari, ta wajabta wa kowane dillali mai rajista ya karɓi ƙorafi a rubuce ya warware shi cikin ƙayyadadden lokaci, in ya gaza a wuce da maganar gaba. Muka rubuta, muka ambaci cewa za mu kai wa hukumar. Kwana huɗu kuɗi suka shigo cif, har da kiran ban haƙuri daga wani manaja. Ranar na yarda akwai doka a harkar nan, ta kuma yi mini aiki.

Amma ina tuna mako bakwai ɗin nan raina ke ɓaci. Farashin katifa da kujeru ya tashi a tsakani, sai da na ranci kuɗi wajen surukina, abin da ban taɓa yi ba. Da ba ni da ɗa mai Turanci fa? Kamfanin bai taɓa gaya mini ina da wannan haƙƙi ba, ko da baki.

Sauran hannun jarin na mayar da su wajen wani dillali. Shi ma sai da na sa aka duba sunansa a rajistar SEC kafin in sa hannu.