Kwas ɗin koyon ɗaukar bidiyo na Unguwar Rimi a Kaduna, ra'ayina ga masu tambaya

Masu ta min magana a inbok kan wurin koyon ɗaukar bidiyon nan da na sa ƙanena, ga amsarku a dunƙule: wurin ya yi, amma ba ga kowa ba, kuma akwai inda suka gaza.

Tsarinsu daban yake da sauran wuraren da ake tara yara ana musu lacca a allo. Su duk sati sai su gayyato wanda yake cin abinci da sana'ar, yau mai ɗaukar biki, gobe kyamaraman na gidan talabijin, wata ran wanda ya yi shutin a lokeshan na Kannywood, sai a zaunar da shi yaran su yi hira da shi. Abun da ya burge ni shi ne yaran ne da kansu ke ɗaukar hirar, wani na kan kyamara, wani ya sa abin kunne yana sauraron sauti, wani na riƙe da fitila, wata na tambaya, in an gama a haska abin da suka ɗauka a gaban baƙon ya yi musu gyara ba sani ba sabo. Ka ga jifa ɗaya tsuntsu biyu kenan.

Na leƙa ranar da suka kawo wani dattijo mai ɗaukar hoto, irin waɗanda suka faro tun zamanin fim da wankin hoto. Kafin ma a fara sai ya ce a kashe fanka, yaran na ta ƙorafin zafi, ya ce wa mai sauti ya ba kowa abin kunnen ya ji. Wallahi ƙarar fankar kamar injin markaɗe. Ya ce mutane za su haƙura da hoto mai dishi-dishi amma ba mai jure sauti mara kyau, sai ya nuna musu yadda ake maƙala ƙaramin makirfo a wuyan riga ba tare da hijabi ko babbar riga na gogarsa ba. Daga nan ya koma kan matsalar da duk mai ɗaukar biki a Arewa ya sani, ango baƙi cikin farar shadda da tsakar rana, in ka bar kyamara ta zaɓa da kanta sai shaddar ta fito fes fuskar ta duhunce, don haka ka auna hasken a fuska ko ka ja shi inuwa. Irin wannan ba lallai ka tsinta a YouTube ba.

Wani kuma da ya zo daga gidan talabijin shi ya warware wa ƙanen nawa dalilin da bidiyonsa ke ƙyafta-ƙyafta a ɗakin taro. Wutar Najeriya 50 ce bugunta a daƙiƙa, shi kuma ƙanen nawa wayarsa na kan firem 30, wato hoto 30 a daƙiƙa, irin na Amurka, da ya mayar 25 ya sa shota, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗewa haske ya shiga, a 1/50 na daƙiƙa sai abin ya ɗauke. Tun ranar yaron nan ya ishe mu a gida da bayani, har Hajiya sai da ya yi wa lacca, ita kuwa ta ce ya je ya ɗebo ruwa.

Kuma baƙin ba sa ɓoye maganar kuɗi, nan ne ma yaran suka fi kasa kunne. Ka karɓi kafin alƙalami kafin ka ɗaga kyamara, kar ka goge memori sai aikin na wuri biyu, ka riƙe batir na ajiya, kuma a wajen kamu ka tambayi uwar amarya wa za a ɗauka wa ba ta so, don wannan kaɗai ya isa ya ɓata maka suna a unguwa.

To inda suka gaza. Kayan aiki sun yi kaɗan ƙwarai, yara da yawa kyamara ba ta taka kara ta karya ba, mai kunya sai a tashi bai taɓa ta ba, 'yan matan ma na lura an fi tura su riƙe takardar tambayoyi, wanda ban ji daɗinsa ba sam. Editin kuma a gurguje ake yi. An nuna musu manhajar editin ta CapCut a waya, aka ɗan taɓa ta kwamfuta wato DaVinci Resolve tunda akwai na kyauta, amma laftof ɗin wurin ba sa iya ɗaukarsa, in NEPA ta ɗauke kuma sai a zauna jiran mai jannareto. Sannan ba duk baƙo ne ya iya koyarwa ba, akwai wanda ya ɓata lokaci yana lissafa jaruman da ya sani.

Kuɗin dai bai fi ƙarfin mai ƙaramin albashi ba, sai dai ka lissafa da na Keke in daga Rigasa ko Kawo yaron zai riƙa zuwa. Wanda ke son satifiket mai nauyi gara ya nemi Kadpoly, wato Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ko makarantar fim ta Jos. Amma mai son ya fara ɗaukar suna da walima da tallan 'yan kasuwa ya samu na kansa, ya je, ya tafi da wayarsa da memorinsa, kuma ya tambaye su mutum nawa ne a aji kafin ya biya.