Ledar gilashin mota ta siramik: tana biyan kuɗinta in an dace da mai liƙawa

Da yawa sun ɗauka in gilashi ya yi baƙi ƙirin, mota za ta yi sanyi. Leda mai rini galibi haske take ragewa, yawancin zafi kuwa yana ratsa ta, kuma da ta sha rana sai ta koɗe ta koma shunayya. Mai haɗin ƙarfe tana kore zafi, amma takan raunana siginar waya da GPS. Ta siramik, mai ƙunshe da ƙananan ƙwayoyin siramik maimakon ƙarfe, ba ta da waɗannan matsaloli: tana tare hasken infrared mai ɗauke da zafi, da kusan kashi 99 cikin 100 na hasken UV, wanda ke ƙona fata ya tsattsage dashbod. A hannun direba na gefen taga ake fara jin bambancin, sannan AC ta daina wahala.

A kula da lambar VLT, wato kashi nawa cikin 100 na haske ke wucewa. Mai 5 haɗari ce da dare, ko ribas ba ka gani. Mai 35 zuwa 50 ta wadatar. Gilashin kansa yana rage haske: leda mai 35 a kan gilashi mai wucar da 80 tana komawa 28. Dokar duhun gilashi ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, sai a bincika kafin a saya.

Wajen liƙawa ake yawan ɓata ta. Ana wanke gilashi tas, a lanƙwasa ledar da iska mai zafi ta waje, sannan a fesa ruwan sabulu a manna ta ciki, a matse ruwan daga tsakiya zuwa gefe. Ƙwayar ƙura ɗaya ta shiga, ta zauna kenan. Kada a yarda a kankare gilashin baya da reza, tana yanke siraran layukan da ke kore raɓa.

Bayan aiki a bar tagogi a rufe kwana 3 zuwa 5. Ɗan hazo da ƙurajen ruwa za su bushe da kansu cikin makonni, kada a tsokane su. A goge da tsumma mai laushi, ban da maganin goge gilashi mai amoniya.

Aibin ledar siramik tsada, ga jabu a kasuwa. A nemi takardar garanti, a kuma sa mai sayarwa ya gwada ta gaban fitilar zafi, ka kara tafin hannunka ka ji da kanka.