Hattara da mai sayar da tsohuwar Land Rover a kan takardar wata motar

'Yan'uwa mazauna Ingila, da na gida masu sha'awar tsofaffin motocin Birtaniya, ku ba ni aron hankalinku. Akwai wani mutum da ke tallan Land Rover kore, ƙirar da ake kira Series IIA, a shafukan saye da sayarwa na intanet. Ya riga ya ci wa yayana fam 1,000 na kafin alƙalami, kuma tallan yana nan yana yawo, sai dai kullum da sabon gari da sabuwar lambar waya. Ba zan kama suna ba, domin sunan da ya ba mu ma ba nasa ba ne. Abin da zai amfane ku shi ne ku san yadda yake ɗana tarkon.

Yayana ya daɗe yana son irin wannan motar. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya tuƙa irinta shekara da shekaru yana aikin gandun daji, kuma a bayanta muka riƙa zama muna yara, ƙura tana shigowa ta ƙasan tamfol. Saboda haka da ya ga tallan, zuciyarsa ta riga ƙwaƙwalwarsa. An rubuta cewa motar ta 1970 ce, gajeriya mai tazarar inci 88 tsakanin tayoyin gaba da na baya, lambarta ta ƙare da harafin J kamar yadda ya dace da wannan shekarar, ba ta biyan harajin hanya, ba ta buƙatar gwajin MOT, wato gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, kuma tana shiga Landan ba tare da biyan fam 12.50 na ULEZ, kuɗin da ake karɓa daga motoci masu gurɓata iska, a kowace rana ba. Farashi fam 9,500. Da ya kira, mutumin ya ce masa akwai masu zuwa kallo biyu ranar Asabar, in yana so a ajiye masa sai ya tura wani abu. Ya tura. Sai bayan ya tura ya kira ni.

"Ƙanena, ka shirya ranar Juma'a bayan masallaci ka raka ni, na yi mota."

Na ce, "Yaya, ka ga lambar shasi?" Ya ce ya ga hoton takarda. Tun daga nan gabana ya fara faɗuwa.

Muna kan hanya mutumin ya aiko da saƙo cewa kada mu zo gida, wai matarsa ba ta da lafiya, mu haɗu a filin ajiye motoci na wani babban kanti. Ya kuma ja mu har rana ta kusa faɗuwa kafin ya iso. Ku riƙe waɗannan biyun. Mai gaskiya yana nuna maka mota a adireshin da ke rubuce a takardar rajistar mota ta V5C, da rana tsaka, injin a sanyaye. Wannan ya zo da injin da zafi, fenti yana sheƙi, an wanke har tayoyi.

Daga nesa ba ka cewa komai. Fitilun gaba suna kan fukafukai, wato bodin da ya rufe tayoyin gaba, ragar gaba ta ƙarfe ce, kamar yadda Series IIA na ƙarshe-ƙarshe suke. Kuma dalilin da ya sa 'yan damfara suke son takardun waɗannan shekarun ke nan. An fara ƙera Land Rover a Solihull a 1948, Series II ta fito a 1958, IIA a 1961, Series III kuma daga 1971 zuwa 1985. IIA ta 1970 da Series III ta bayanta kamar Hassan da Hussaini suke ga wanda bai sani ba: ka cire ragar roba ta Series III ka ɗaura ta ƙarfe, aiki ya kusa ƙarewa. Amma da na buɗe ƙofa sai na ga agogunan mota a gaban direba, cikin dasbod na baƙar roba. A IIA agogunan suna tsakiya ne, a kan farantin ƙarfe. Maƙalan ƙofa ma shafaffu ne irin na Series III, ba masu tudu ba.

A nan dole in yi adalci. Wannan kaɗai bai isa a kira mutum ɓarawo ba. Motocin nan sun haura shekara hamsin, kayansu suna shiga juna, kuma mutane da yawa sun canza bangon da ke tsakanin injin da direba saboda tsatsa ta cinye shi. Wasu ma sun canza shasi ɗungurungum da sabo wanda aka tsoma a tutiya, kuma hakan ba laifi ba ne. Bambancin shi ne mai gaskiya zai gaya maka tun kafin ka tambaya, ya ɗauko maka rasit da hotunan aikin. Wannan da na tambaye shi sai ya ce haka ta fito daga kamfani.

Sai na shimfiɗa kwali na kwanta a ƙasa da tocila. A waɗannan motocin ana buga lambar shasi a jikin ƙarfen da ke riƙe sifirin na gaba, ta hannun dama, kuma akwai ƙaramin faranti a cikin mota mai ɗauke da lamba iri ɗaya. Wurin an lafta masa baƙin kwalta mai kauri, sabo, har yana manne wa yatsa, alhali sauran shasin duk busasshen laka ne da tsohuwar tsatsa. Na roƙi izini na kankare da sukudireba. Ƙarfen da ya bayyana sumul yake, da zanen dutsen gurza a kwance, kuma ya ɗan lotsa idan ka shafa. Lambobin da ke kai ba su kan layi ɗaya, wata ta nutse, wata da ƙyar ta kama. An goge ta asali an buga wata da guduma. Farantin cikin mota kuwa tsoho ne, ya koɗe, amma ƙusoshin da suka riƙe shi farare fes, ko ƙura ba su yi ba.

Na buɗe bonet. Takarda ta ce injin fetur ne mai cc 2286. Abin da ke ciki injin dizal ne 200Tdi mai cc 2495, wanda bai zo duniya ba sai 1989. Canza injin ba haramun ba ne, amma dole a sanar da DVLA, hukumar rajistar motoci ta Birtaniya, a gyara takarda, kuma babban canji irin wannan yana iya fitar da mota daga sahun waɗanda aka ɗauke wa gwajin MOT. Na ɗaga kujera, ƙarƙashin akwatin kujerar shuɗi ne, ba kore ba. Na manna maganaɗisu a wurin ajiye ƙafar direba, ya zame ya faɗi, alamar an cike rami da fila, ƙullin da masu gyaran bodi ke liƙe rami da shi, an shafe da fenti. A lura, bodin Land Rover na alminiyam ne, maganaɗisu ba ya kama shi ko da lafiyarsa ƙalau, don haka a shasi da bangon gaba ake wannan gwajin, su ne na ƙarfe, su ne tsatsa take ci.

Na miƙe na ce wa yayana da Hausa, "Yaya, wannan takardar ba ta wannan motar ba ce." Ya yi shiru ya daɗe yana kallon motar. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba tun rasuwar Baba.

Ga dalilin da ya sa irin waɗannan motocin suka yi yawa, domin ba wannan mutumin ne ya ƙirƙiro abin ba. A 1998 gwamnatin Birtaniya ta tsayar da rangwamen harajin tsofaffin motoci a kan waɗanda aka ƙera kafin 1 ga Janairun 1973, kuma haka ta zauna har 2014, lokacin da aka sake buɗe ta ta koma tsarin shekara 40 mai tafiya da zamani. A tsawon waɗannan shekarun takardar motar da aka ƙera kafin 1973 ta zama kuɗi da kanta. Mota ta ruɓe a bayan gona, sai a cire farantinta a haɗa da takardarta a sayar, wani ya manna wa motar da ta fi ta ƙuruciya. Wata motarsa ce yake gudun haraji, wata kuwa ta sata ce ake so a ɓatar da sawunta. Tun daga Mayun 2018 kuma aka ɗauke wa motocin da suka haura shekara 40 gwajin MOT, sai abin ya ƙara armashi, tunda babu wani bakanike da zai leƙa ƙasanta duk shekara. Ba Land Rover kaɗai ba. Ƙaramar motar nan Mini ta gama-gari ana yi mata ado a manna mata lambar Cooper S, mai darajar da ta ci gasar Monte Carlo a 1964, 1965 da 1967, farashi ya ninka sau da yawa. A Amurka, inda ba a yarda a shigo da irin waɗannan motocin ba sai sun kai shekara 25, jami'an kwastan sun murƙushe wata Land Rover ƙirar Defender a Baltimore a 2013 saboda an canza mata lamba.

Wanda ya saya shi ne a ciki. Idan motar ta sata ce, 'yan sanda za su ɗauke ta, kuɗinka kuma ya tafi. Idan ba a gano asalinta ba, DVLA na iya janye lambar ta ba ta lamba mai harafin Q, wadda ake ba motar da ake shakkar shekarunta ko asalinta, darajarta ta zube, rangwamen ya tafi. Idan kuma ka yi hatsari, kamfanin inshora zai ce ba wannan motar ya yi wa inshora ba. Mutane da yawa suna ɗauka V5C shaidar mallaka ce. Ba haka ba ne, a jikin takardar ma an rubuta ɓaro-ɓaro cewa ba shaidar mallaka ba ce, tana nuna wanda motar take hannunsa ne kawai. Ku ɗaga ta sama wajen haske ku ga ɓoyayyen tambarin DVL da ke cikin takardar gaskiya. Ku duba lambar takardar kanta, domin an taɓa sace tarin takardun da ba a cike ba, kuma gwamnati ta wallafa jerin lambobinsu, masu farawa da BG da BI.

Da muka ce mun fasa, a mayar da kafin alƙalami, sai murya ta canza. Ya ce mun ɓata masa lokaci, mun kankare masa mota, kuɗin ajiya ba ya dawowa. Ya tayar da mota ya tafi. Kafin mu isa gida lambarsa ta daina shiga. Adireshin da ke kan takardar, da muka bincika, gidan wasu mutane ne da ba su taɓa jin labarinsa ba.

Abin da ya sa na zauna na rubuta wannan shi ne abin da ya biyo baya. Bayan mako biyu tallan ya dawo da hotuna iri ɗaya, har da lotsawar da ke bamba ta baya, amma yanzu wai motar tana Scotland, mai ita yana aiki a teku ba zai iya nuna ta ba, a tura kuɗi ga wani "kamfanin amana" zai kawo ta har ƙofar gida, in ba ta yi maka ba a mayar maka da kuɗinka. Babu wani kamfani, shafin bogi ne. Sannan wani abokin yayana ya turo masa waɗannan hotunan daga Kano, yana neman shawara, wai wani dillali ya ce zai sa ta a jirgin ruwa zuwa Legas idan aka biya rabi. Wannan cinikin biri a sama ne. Ko da motar gaskiya ce, sitiyarinta a dama yake, Najeriya kuwa ta yi canjin hannu tun 1972, kuma kwastan suna da ƙa'idar shekaru a kan motocin da ake shigowa da su. Duk dillalin da bai fara da waɗannan maganganun ba, kuɗinka yake so, ba sauke maka mota ba.

In har kana son irin wannan motar, kuma ban ga laifinka ba don ni ma ina so, ka nemi lambar mota da lambar shasi tun kafin ka bar gida. Shafin gwamnatin Birtaniya yana nuna launi, girman injin, shekarar rajista da tarihin MOT kyauta. Ka biya 'yan fam kaɗan a bincika maka ko an taɓa kai rahoton satarta ko akwai bashi a kanta. Gidan tarihin motoci na Gaydon, a Warwickshire, yana riƙe da kundin masana'antun Land Rover, Austin, Morris, MG, Triumph da Rover, kuma yana ba da takardar da ke nuna ranar da aka ƙera mota da launin da ta fito da shi. Amma ka sani, wannan takardar tana tabbatar da cewa an taɓa ƙera mota mai wannan lambar ne, ba ta tabbatar da cewa ita ce a gabanka ba. Wannan sai ido da tocila, kai ko wanda ya san ƙirar. Ƙungiyoyin masu irin waɗannan motocin suna da dattawan da kallo ɗaya za su yi wa maƙalin ƙofa su gaya maka shekararta, kuma yawancinsu suna murna a tambaye su. Kada ka tura ko fam ɗaya kafin ka taɓa ƙarfen da hannunka.

Wanda ya riga ya tura, ya kira bankinsa yau, kada ya jira gobe, kuma kada kunya ta hana shi. Tun 7 ga Oktoban 2024 akwai dokar da ta wajabta wa bankunan Birtaniya mayar wa wanda aka yaudara ya tura kuɗi, har zuwa fam 85,000, idan daga asusun Birtaniya zuwa asusun Birtaniya ne. Kuɗin da aka turo daga ƙasar waje ba ya cikin wannan kariyar, shi ya sa na fi jin tsoro ga 'yan'uwa na gida. Yayana ya kai ƙara banki da wurin 'yan sanda, mun ba su hotunan da na ɗauka a ƙarƙashin motar da duk saƙonnin, muna jira.

Motar kore ce mai farin rufi, taya a kan bonet, lotsawa a kusurwar hagu ta bamba ta baya, lambarta ta ƙare da J. Wanda ya ci karo da tallan ya ɗauki hoton shafin kafin a goge shi, ya kai rahoto ga masu shafin da 'yan sanda, ya kuma tura wa duk ɗan'uwan da ya san yana neman irinta.