Inshorar Kayan da Nake Aikawa Ƙasashen Waje: Abin da Na Gani Cikin Shekara Biyu

Ina zaune a Aboabo, cikin Kumasi, kuma sana'ata ita ce sayar da kente na Bonwire, da batakari, wato rigar saƙi ta arewacin Ghana, da man kaɗanya na Tamale, ga 'yan uwanmu mazauna Amurka da Turai waɗanda ke ganin kayana a Instagram su kuma yi ciniki ta WhatsApp. Ban taɓa kawo maganar inshora a raina ba sai a 2023, ana saura mako uku Babbar Sallah, lokacin da wani kwali mai nauyin kilo uku, ɗauke da kente da batakari na kimanin dala 600, ya tashi daga filin jirgin saman Kotoka zuwa unguwar Bronx da ke New York, aka kuma neme shi sama ko ƙasa aka rasa. Kamfanin jigilar bai musanta ɓatan ba, amma da aka zo biyan diyya sai ya lissafa mini bisa nauyi, domin sharuɗɗansa sun bi Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda ta ƙayyade abin da mai ɗaukar kaya ta jirgin sama zai biya a kan kowane kilo. A lokacin iyakar SDR 22 ce (SDR ma'aunin kuɗi ne na Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF), wato kusan dala 30, kafin a ɗaga ta zuwa 26 a ƙarshen 2024. Mai aika ƙarfe yana iya yin haƙuri da wannan lissafi, amma mai aika saƙar hannu, wadda ba ta da nauyi sai daraja, asara tsagwaronta yake kwasa. Abin da ya shigo hannuna bai kai dala 100 ba, na kuma mayar wa mai saye kuɗinta daga aljihuna.

Bayan wannan ne na fara sayen inshora daga wani kamfani mai zaman kansa, bayan na tabbatar yana da lasisin Hukumar Inshora ta Ƙasa, wadda ke sa ido a kan wannan harka ƙarƙashin Dokar Inshora ta 2021. Tsarin ba shi da wuya: kafin kwali ya bar hannuna nakan shigar da lambar bin sawunsa, da ƙasar da za shi, da darajar abin da ke ciki, in biya kusan kashi 2 cikin 100 na darajar ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, takardar shaida ta iso imel ɗina cikin 'yan mintuna. A wannan fanni ba ni da ƙorafi. Kwalin farko da ya ɓace a ƙarƙashinsu, a hanyar Landan, sun biya kuɗinsa cif-cif har da na jigila, ko da yake sai da na jira kwana 30 kafin su yarda ɓata ya yi, sannan aka ƙara mako biyu ana duba takardu.

Darasin da ya fi yi mini zafi ya zo ne daga birnin Hamburg. Wata Hajiya da muka daɗe muna ciniki ta sayi kente biyu na bikin 'yarta a kan yuro 450, sai ta kira ni da daddare ta ce, "Alhaji, don Allah ka rage kuɗin a takardar kwastan, ka san halin mutanen nan." Na san abin da take gudu. Tun 1 ga Yulin 2021 Tarayyar Turai ta soke rangwamen da take yi wa ƙananan kaya, kowane saƙo sai an biya masa harajin saye, wanda a Jamus kashi 19 cikin 100 ne, kuma a lokacin idan kaya ya haura yuro 150 akan ƙara kuɗin fito a kai. Kunya ta hana ni musa mata, na rubuta yuro 140 a takardar, amma na sayi inshorar 450, ina ganin na yi dabara. Kwalin ya ɓace. Da na je ofishin kamfanin inshorar a Adum, ma'aikaciyar ta jera takardun biyu a kan tebur, ta ɗora bironta a kan 140, ta ce cikin ladabi, "Alhaji, wannan sa hannunka ne, ko kuwa?" Ban sami abin faɗa ba. A kan 140 suka biya, sauran kuma ni na cike, domin ba zan iya cewa Hajiya ta ɗauki asarar ana gab da biki ba.

Ban ga laifinsu a nan ba, amma akwai inda na ga gazawarsu ƙarara, wato batun rasit. Suna neman shaidar farashin da na sayo kaya, alhali masaƙin da nake hulɗa da shi a Bonwire, mutumin da yakan shafe makonni a kan zane ɗaya, bai taɓa yanka wa kowa rasit ba, cinikinmu na baki ne da amana. Sai da na shiga mota na koma can, ya rubuta mini a takardar littafin makaranta ya sa hannu, na haɗa da saƙon MoMo na ranar da na biya shi, kafin su karɓa. Kamfanin da ke neman kuɗin 'yan kasuwar Kejetia da na Zango ya kamata ya san cewa haka ake ciniki a nan, ya tanadi hanya tun farko maimakon ya bar mutum yana zirga-zirga.

Akwai kuma abubuwan da ba sa biya, waɗanda aka rubuta da ƙananan haruffa. Kayan da kwastan suka riƙe ba ya ciki, haka ma jinkiri, ko da kayan Sallah ne suka iso bayan an ci naman layya an gama. Man kaɗanya da ya narke ya ɓata atamfar da ke kusa da shi sun ce laifin ɗauri ne, kuma tun daga ranar ban ƙara haɗa su a kwali ɗaya ba.

Har yanzu ina tare da su, amma ba kowane saƙo nake yi wa inshora ba. Man kaɗanya da ƙananan kaya nakan bar su haka, tunda diyyar kilo ta kusa kai kuɗinsu, kente da batakari kuwa ba sa fita sai da ita. Kafin in rufe kowane kwali nakan ɗauki hotonsa a buɗe, in sake ɗauka yana kan sikeli, kuma na saya wa masaƙin nawa littafin rasit. Hajiya ta sake yin oda a watan jiya, kuma tun kafin mu gama gaisawa na gaya mata cewa cikakken farashi zan rubuta, ta ɗan yi shiru, sannan ta tambaye ni nawa harajin zai kama.