Gargaɗi ga masu sayen tikitin Umara a Zariya: ku duba kuɗin kaya kafin ku bar gida

Jama'ar Zazzau, assalamu alaikum. Na daɗe ina juya maganar nan a raina, domin wanda ya cuce mu mutum ne da ake ganin girmansa, kuma ta hannun ɗan'uwa muka san shi. To amma shekaranjiya na ji ya sake yi wa wasu mata biyu irin abin da ya yi mana, sai na ga in na ci gaba da yin shiru har da ni a alhakinsu.

Gwaggona ce ta tashi zuwa Umara, ita da 'yarta. Shekara uku tana zubin adashi saboda tafiyar nan. Tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, ko matakala uku ba ta hawa sai an riƙe ta. Ni aka ɗora wa neman tikiti, aka haɗa ni da wani ejan mai ɗan ofis a Sabon Gari, wanda kullum yake zuba tallar tikiti mai rahusa a WhatsApp.

Ga wanda bai sani ba, jiragen nan masu rahusa ba kamar sauran suke ba. Farashin da ake fara nuna maka na kujera ne kawai da 'yar jakar hannu, galibi kilo 7. Akwatin da za a auna a kai cikin jirgi kuɗinsa daban, zaɓen wurin zama daban, abinci daban, canza ranar tafiya ma daban. Wannan ba zamba ba ce, haka kasuwancinsu yake, kuma abin da ka biya musu da gaske yana shiga na'urarsu. Sai dai kuɗin akwati ya fi sauƙi idan an saya ta intanet tun kafin ranar tashi, in kuwa aka bari sai an je wurin awo a filin jirgi, tsadarsa ta fi haka nesa ba kusa ba. A nan mutumin ya samu kafar shiga.

Ya zaunar da ni, ya sa aka kawo lemo, ya ce: "Alhaji, tunda Hajiya ce, a yi mata komai a ciki, kada ta wahala." Ya lissafa akwati bibbiyu masu kilo 23, kujerar bakin hanya kusa da 'yarta, abinci, keken tura marasa ƙarfi, har da wani abu da ya kira kuɗin Zamzam. Na tura kuɗin gaba ɗaya zuwa asusunsa na kansa, ba na kamfani ba. Da yamma ya turo takarda a waya, ga tambarin kamfanin jirgi, ga sunayensu, ga adadin akwatuna a rubuce. Na buga ta a shagon kwamfuta a Kongo, na sa a leda, hankalina kwance.

Mu a Zariya muna da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama tun 1964, ƙananan jirage na ta shawagi a kanmu, amma ba a ɗaukar fasinja a nan. Dole sai Kaduna, ko Kano, ko Abuja. Shi ya sa cutar ba ta bayyana sai mutum ya yi nisa da gida, lokaci ya ƙure, ba damar komawa a riƙe wuyan rigar kowa. Mun bar Kwangila bayan sallar asuba, muka wuce Tashar Yari da Kwanar Dangora, muka isa filin jirgin Malam Aminu Kano da sauran lokaci.

Da layi ya zo kanmu, ma'aikaciyar ta karɓi fasfo, ta danna na'ura, ta ce tikitin yana nan lafiya amma ba akwati ko ɗaya a kansa. Na miƙa mata takardar. Ta duba, ta girgiza kai, ta ɗan juyo min da allon in gani da idona. Jakar hannu kawai. Ba a zaɓi kujera ba, ba a nemi keke ba. Ashe tikiti mafi arha ya saya, ya gyara rubutun takardar a kwamfuta, ya soke sauran kuɗin a aljihu.

Abin da ba zan manta ba shi ne yadda Gwaggo ta zauna a kan akwatinta a tsakiyar mutane, ta kwance bakin zanenta tana ƙirga Riyal ɗin guzurinta, tana cewa: "Ɗan nan, ashe ba mu biya ba?" Muka zuge akwatuna a ƙasa, muka fitar da garin kunu da yaji da kilishin da ta ɗaure wa 'yan'uwa a Makka, aka matse kaya cikin akwati biyu. Na biya kuɗinsu a farashin filin jirgi da abin da na ranta a waya nan take. A jirgi kuma aka raba ta da 'yarta, kowacce da layinta. Wayar ejan a kashe. Sai bayan kwana biyu ya ɗauka, wai matsalar na'ura ce, in yi haƙuri.

Daga baya na gano abubuwan da suka ƙara ɓata min rai. Keken nan ba a sayar da shi, kyauta ne, sanar da kamfani kawai ake yi kwana biyu ko fiye kafin tafiya. Ruwan Zamzam kuma a can Saudiyya ake sayen galan mai lita 5 a rufe, kowane kamfani da ƙa'idarsa ta ɗauka, ba wanda zai sayar maka da shi daga Sabon Gari. Sannan lambar wayarsa da imel ɗinsa ya sa a tikitin, don haka duk saƙon da kamfani ya aiko wurinsa yake zuwa. Ko da kamfani zai mayar da wani kuɗi, kan katin da aka biya da shi yake komawa, wato nasa.

Don Allah, duk wanda zai sayi tikiti ta hannun ejan, ya nemi lambar nan mai haruffa da alƙaluma shida da ke kan kowane tikiti. Da ita da sunan ƙarshe na matafiyi za a shiga shafin kamfanin jirgin ko manhajarsa, a ga ainihin abin da aka biya: kilo nawa, wace kujera, wace rana. Minti biyar bai kai ba. A yi shi a gaban ejan kafin a cika masa kuɗi, a sake yi ana jibi tafiya. Wanda bai iya ba ya sa yaronsa ko wani ɗalibi a unguwa. Ku ce a sa lambar wayarku a tikitin, ku biya ta asusun kamfani, ku karɓi rasit da ya rarrabe kuɗin kowane abu. In Umara ce, ku tambayi lasisinsa na Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON. Idan kuwa abin ya fito a shafin kamfani amma aka ƙi ba ku a filin jirgi, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, tana da sashen kare haƙƙin fasinja, a kai ƙara can da shaidar biya.

Namu mun kai shi gaban mai unguwa, ya amsa laifi, ya biya rabi, ya yi alkawarin cikawa, har yau shiru. Yanzu takardunmu suna wurin 'yan sanda. Ya sauya allon ofishinsa, yana ta tallar Umarar azumi. Alamarsa ita ce "komai a ciki", kuma da ka nemi lambar nan sai ya ce ai sai ana gobe tafiya take fitowa. Ƙarya ce, tana fitowa ne da zarar an yanki tikiti.

Na dawowar su Gwaggo ni na saya musu kuɗin akwati da wayata ina zaune a Tudun Wada, ya fito a shafin nan take, kuma a Jidda aka karɓi kayansu ba tare da wata magana ba.