Lakwal ko shagon Babbar Kasuwa?

Yarinyar da ke son sana'ar sayar da tufafi a Yamai, hanya biyu ke gabanta. A lakwal za ta koyi lissafin riba, tsara kaya a shago, da hasashen abin da za a nema kafin Sallah ta matso. Sai dai kuɗin karatu da shekara biyu zuwa uku.

Zama a shagon Babbar Kasuwa kuwa, hannu ne ke koyo. Ta taɓa shadda ta gane Getzner daga jabu, ta san yadda atamfa ke zuwa daga Lome da Kwatano, ta iya ciniki da Hausa da Zabarmanci. Ni a nan zuciyata take, kodayake na ga shaguna sun durƙushe saboda bashin da ba a rubuta ba.